Yadda Ake Amfani da Gudun Dogon Zango Wajen Rabuwa da Shaye-shaye

A watan Nuwamba na 2006 wasu mutum uku suka tashi da gudu daga garin Saint-Louis da ke bakin teku a Senegal, suka fuskanci gabas, ba su kammala ba sai a gaɓar Bahar Maliya a Masar bayan kwana 111. Sun ratsa Murtaniya da Mali da Nijar da Libiya, sun bi ta Agadas, tafiyar kimanin kilomita 7,000, wato sama da kilomita 60 a kowace rana cikin rairayi da ƙura. Ɗayansu Kevin Lin ɗan Taiwan ne, na biyu Ray Zahab ɗan Kanada ne wanda a da yake shanye kwalin sigari a yini, na uku kuwa Ba'amurke ne mai suna Charlie Engle, wanda hodar ibilis da barasa suka shafe shekaru suna juya shi kafin ya daina a watan Yuli na 1992.

Mutane suna son wannan labari, amma akwai wani ɓangare nasa da ya fi amfani ga wanda yake neman mafita. Engle ya riga ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 tun yana cikin shaye-shaye, yana gama tsere ya koma ga abin da ya saba. Gudu kaɗai bai cece shi ba. Abin da ya sauya bayan 1992 shi ne ya ɗaure wa kansa abu biyu a kowace rana, halartar zaman masu fama da irin matsalarsa da kuma fita gudu, ya riƙe su tare har tsawon shekara uku. A kan wannan haɗin nake son a gina duk abin da zai biyo baya, domin na ga yadda ake yi wa matasa alkawarin cewa motsa jiki zai wanke musu jini, alhali aikin da gudu yake yi daban ne: yana cike sa'o'in da ƙwaya ta bari a fili, yana gyara barci da cin abinci, yana kuma ba mutum wani abu da zai iya aunawa ya ga yana ci gaba.

Matakin farko a asibiti yake, kafin a sayi takalmi. Wanda ya daɗe yana shan barasa mai yawa, ko ƙwayoyin sa barci irin su diyazifam da roci, bai kamata ya yanke su rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba, saboda yankewar gaggawa tana iya kawo jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Tiramol ma yana jawo jijjiga, kuma barinsa da barin kodin yana zuwa da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kwanaki. Likita ne zai tsara yadda za a rage a hankali da abin da za a sha a madadi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye. Babu abin kunya a zuwa can: binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani nau'in ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Idan ka je, ka gaya wa likita cewa kana da niyyar fara gudu, ya auna maka jini ya saurari bugun zuciyarka, musamman idan ka haura shekara 40 ko kana da hawan jini, asma, ciwon suga ko sikila.

Bayan jiki ya lafa, sai a fara da tafiya. Mako biyu na farko ka yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 20 zuwa 30, ko da kana jin za ka iya fiye da haka. A mako na uku ka fara haɗawa: sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 2, ka maimaita sau 8, kwana uku a mako, kana barin kwana ɗaya a tsakani. Kowane mako ka ƙara wa sassarfar minti ɗaya ko biyu ka rage tafiyar, har ka kai inda za ka yi minti 30 ba tsayawa, abin da yawancin mutane suke cimma cikin wata biyu zuwa uku. Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa abokin gudunka magana cikakkiya ba sai da haki, ka yi sauri da yawa, ka sassauta.

A nan ne masu barin ƙwaya suka fi yin kuskure, kuma dalilin a fili yake. Mutumin da ya saba da abin da yake kai shi sama cikin minti 10 ba ya son abin da sai ya yi wata uku zai ga amfaninsa, don haka yakan fita ranar farko ya zuba gudu kamar ana bin sa, ya kwana da tsamin jiki, rana ta uku ya ajiye takalmin. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma agara da gwiwa da ƙashin ƙwauri suna ɗaukar watanni, shi ya sa masu koyar da gudu suke ba da shawarar kada a ƙara wa nisan mako fiye da kashi 10 cikin 100 a kan na makon da ya wuce. Haƙurin da ake koya a wannan jinkirin shi kansa wani ɓangare ne na magani.

Zaɓen lokaci ya fi zaɓen takalmi muhimmanci. Ka zauna ka duba yininka da gaskiya, ka gano sa'ar da ka saba sha da wurin da ka saba zama, domin sha'awar ƙwaya ba ta tasowa haka kawai, tana bin lokaci da wuri da fuskokin mutane. Ga wasu bayan la'asar ne idan aka tashi daga gareji ko kasuwa, ga wasu bayan isha'i ne a majalisa. Idan da hali, ka sanya gudunka a bakin wannan sa'ar, ka kuma zaɓi hanyar da ba ta bi ta gaban kemis ɗin da ka saba saye ko lungun da kuke haɗuwa ba, ko da za ta fi nisa. Wanda ba zai samu haka ba, asuba ta fi masa. Tun da dare ka ajiye wando da riga da takalmi a bakin ƙofa, safa a cikin takalmin, gorar ruwa a gefe, ta yadda idan ka dawo daga masallaci ba abin da ya rage maka ka yi shawara a kai. Za ka fita gari bai gama wayewa ba, mai shayi yana hura wuta, mai ƙosai tana jera itace, titi ba kowa sai masu kai kaya kasuwa, ka dawo kafin rana ta ɗaga da jin cewa ka riga ka cika alkawari ɗaya a yau. Wanda ya san zai tashi gudu da asuba kuma yana da hujjar barin majalisa da wuri, hujjar da ba sai ya yi wa kowa dogon bayani ba.

Sha'awar da take tasowa a tsakiyar rana tana da nata hali. Tana hawa, ta kai ƙololuwa, ta sauka, yawanci cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba, idan ba a ciyar da ita ba. An gwada a kan masu shan sigari an ga cewa tafiya mai sauri ta 'yan mintuna tana rage ƙarfinta. Saboda haka idan ta zo, kada ka zauna kana kokawa da ita a wuri ɗaya. Ka tashi ka fita, ka yi tafiya ko sassarfa ta minti 15, ka kira wanda kuka yi alkawari da shi tun kana kan hanya.

Wannan mutumin da za a kira shi ne ginshiƙi na biyu, kuma duk shirin da ya yi nasara a wannan fanni da mutane aka gina shi. A 2007 wata mata mai suna Anne Mahlum, wadda take wucewa da gudu ta gaban wani masaukin marasa gida a birnin Filadelfiya na Amurka, ta gayyaci mazauna wurin su riƙa fita tare da ita, abin ya zama ƙungiyar da take gudu da ƙarfe 5:30 na asuba ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, kuma sai wanda ya riƙe zuwa na tsawon wata guda ake buɗe masa ƙofar koyon sana'a da neman aiki. A Los Anjeles wani alƙali, Craig Mitchell, ya kafa irin wannan rukuni a 2012 tare da mazauna unguwar Skid Row, da yawansu masu barin ƙwaya, har ya kai wasunsu tsere a Accra ta Ghana. Ba sai kana da ƙungiya mai suna ba. Mutum ɗaya ya isa, yaya ko ƙane ko abokin da ba ya sha, wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa idan bai gan ka ba. Mace kuma tana iya yin hakan da 'yar'uwarta a filin makaranta ko harabar da aka kewaye, da suturar da ta dace da ita, domin kodin da ƙwaya ba su bar gidajen aure ba. Ga iyaye da 'yan'uwa ina da roƙo ɗaya: idan kun ga yaro ya fara fita gudu, kada ku tare shi da gorin abin da ya wuce, ku tambaye shi kilomita nawa ya yi yau.

Kayan aiki kaɗan ne. Kambas na gwanjo ya wadatar muddin tafinsa bai cinye ta gefe ɗaya ba, kuma akwai sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Ka sami ƙaramin littafi kana rubuta kwanan wata, mintunan da ka yi, yadda ka yi barci, da adadin kwanakin da ka yi ba ka sha ba. A bazara kada ka yi gudu da rana tsaka ko kaɗan. Ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, idan gudun ya wuce sa'a ɗaya ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Jiri, ciwon ƙirji, ko ɗaukewar zufa alhali jiki ya yi zafi alamu ne na a tsaya nan take a nemi taimako. Da azumi a rage nisa, a mayar da gudun bayan an sha ruwa.

Akwai haɗari guda da nake son a tsaya a kansa sosai, wato rauni. Wani ɗan gudu Ba'amurke mai suna Dick Beardsley ya zo na biyu a tseren famfalaki na Boston na 1982, tazarar daƙiƙa 2 kacal tsakaninsa da Alberto Salazar wanda ya zo na ɗaya. A 1989 injin tarakta ya kama shi a gonarsa ta Minnesota ya yi masa mummunan rauni, wasu haɗurran suka biyo baya, maganin kashe zafin da aka ba shi a asibiti ya zama masa jaraba, har aka kama shi a 1996 da laifin ƙirƙirar takardun likita na bogi don ya sami ƙwaya. Sai a farkon 1997 ya rabu da ita. Idan hakan ta faru da gwanin da bai taɓa shaye-shaye ba, wanda ya fito daga ciki ya fi kusa da ramin. Duk ranar da ka yi targaɗe ko gwiwa ta kumbura, ka gaya wa likita tarihinka kafin ya ɗauki biro, kada ka karɓi tiramol ko wani abu mai kodin daga hannun kowa da sunan maganin ciwon jiki. Ka kuma tanadi abin da za ka yi a makonnin da ba za ka iya gudu ba, ko keke ko tafiya ko raka abokan gudu da ruwa, domin kada sa'ar nan ta sake zama fili. Wanda ya ga yana gudu a kan ciwo, yana ɓoye wa iyalinsa yawan abin da yake yi, ko ransa yana ɓaci matuƙa ranar hutu, ya sani tsohon hali ne ya sauya riga, ya kai maganar ga mai ba shi shawara.

Bayan wata huɗu zuwa shida kana iya sa wa kanka ranar tsere. Gasar birnin Legas da aka fara a 2016 tana da zangon kilomita 10 ban da na 42, tseren Okpekpe a jihar Edo ma kilomita 10 ne, kuma 'yan gudun Filato, musamman na yankin Pankshin, sun daɗe suna nuna cewa wannan wasa namu ne. Kilomita 21 sai an yi kusan shekara ana gudu, 42 kuwa a bar shi sai bayan haka.

Idan aka yi tuntuɓe aka koma sha, abu na farko da ya wajaba a sani shi ne jikin da ya yi makonni babu ƙwaya ya rasa juriyar da yake da ita, kuma adadin da aka saba sha a da yana iya tsayar da numfashi yanzu. Ka gaya wa likitanka da abokin gudunka a ranar, kada ka jira sai an gano. Kada ka yi gudu da maye a jikinka. Idan ka warware, ka buɗe littafin nan a shafi na gaba ba tare da ka yage na baya ba, ka rubuta kwanan wata, ka fita ka yi rabin nisan da ka saba.