Yadda ake koyon nutso da tukunyar iska a hannun gwani

Wanda ya tashi yana iyo a rafi ko kududdufin bayan gari, akwai ɗabi'ar da ta zauna masa a jiki: in zai nutsa sai ya cika ƙirji da iska, ya rufe baki, ya riƙe. Haka sarkawa ke yi, kuma a wurinsu daidai ne. To ran da aka goya maka tukunyar iska, wannan ɗabi'ar ce za ta fara neman ranka. Shi ya sa ba a koyon abin nan a YouTube. Ni a Dahab na koya, wani ɗan gari a bakin Bahar Maliya cikin ƙasar Masar, a hannun wani dattijo da rana da gishiri suka gama gasa wa fata. Yadda ya bi da ni zan faɗa maka.

Ka fara da lafiyarka. Za a miƙo maka takardar tambayoyi, kada ka yi ƙarya don gudun asarar kuɗin da ka biya. Mai asma, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, sai likita ya duba su tukuna. Mai sikila, wadda ta yi yawa a cikinmu, shi kam ya haƙura. Ko mura ce ta toshe maka hanci, ka bari ta wuce.

Sai neman malami. Ka ce ya nuna maka katinsa na koyarwa daga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da duniya ta sani, irin su PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ko SSI, ko CMAS. Amma kati daban, iyawa daban. Ka zauna a bakin ruwa yini guda ka ga yadda yake da ɗalibansa. Wanda ya kwashi mutum takwas a lokaci ɗaya, yana ta duba agogo, yana haɗa musu kaya da kansa don a yi sauri, ka bar shi da kasuwarsa. A tsarin PADI zai fara gwada ka da iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka yi minti 10 a saman ruwa ba ka dafa komai ba.

Kayanka kuwa da hannunka za ka haɗa, yana tsaye yana kallo: tukunya, da rigar da ake hura wa iska, da bututun numfashi, da agogon da ke nuna sauran iska, da gilashin fuska, da takalman agwagwa, da ɗamarar dalma. Abin da ke cikin tukunyar iskar da muke shaƙa ce aka matse har ta kai 200 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", ba ta asibiti ba. In ka buɗe, ka ja numfashi uku idonka na kan allurar agogon. In ta yi rawa, ba ka buɗe sosai ba. In ka ji warin mai a iskar, a canza maka tukunya.

Darasin farko a ruwan da bai wuce ƙirji ba ake yi. Za ka durƙusa, ruwa ya rufe kanka, ka yi ta numfashi har zuciyarka ta yarda ba mutuwa za ka yi ba. Daga nan sai abin da ya fi ba sababbi wuya: malam zai sa ka bar ruwa ya cika gilashin fuskarka da gangan, sannan ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai kaɗan, ka fitar da iska ta hanci har ruwan ya fice. Ni sau biyu ina miƙewa tsaye ina tari, gishiri na ƙona min maƙogwaro, shi kuwa yana durƙushe a ƙasa yana jirana kamar mai jiran shayi ya nuna. Gilashina ya yi ta yoyo, ashe gashin baki ne ya hana robar kama fata. Washegari na rage shi daga ƙasan hanci, dama sunna ce. Don kada gilashin ya yi hazo kuma, yawu ake tofawa a ciki a goge a ɗauraye. Kada ka ji ƙyama, kowa haka yake yi.

Yanzu ga dalilin hana riƙe numfashi. Duk mita 10 da ka sauka a teku, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda. A mita 10 ya zama ninki biyu ke nan, kuma iskar da bututu ke ba ka a can ita ma a matse take ninki biyu. In ka cika huhu a wannan zurfin ka riƙe ka taso, tana isowa sama ta kumbura ta ninka girmanta, huhu kuwa ba balan-balan ba ne, yagewa yake yi. Basarke da iskar sama ya sauka, da ita ya dawo, shi ya sa ba abin da ke samunsa. Ko bututun ne ya fita daga bakinka, ka riƙa sakin 'yan ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Matsin nan a kunne za ka fara jin sa. Tun daga mitar farko ka matse hanci ka hura a hankali har ka ji kunnuwan sun buɗe, ka riƙa maimaitawa kana sauka. In ya fara zafi ka ɗan hau sama ka sake gwadawa. Jarumta a nan fasa dodon kunne take yi.

A ƙasa ba magana, sai hannu. Ka haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, lafiya lau ke nan. Ɗaga babban yatsa, wanda muka saba da shi a waya, a ruwa ma'anarsa a hau sama. Rawar tafin hannu matsala ce, yanka wuya da hannu kuwa iska ta ƙare.

Sai nutso huɗu a buɗaɗɗen teku, ba a wuce mita 18. A nan ne za ka gane amfanin gwani. Ka tsaya kusa da kafaɗarsa ka saci yadda yake yi. Hannuwansa a harɗe suke a ciki, ba ya tuƙa ruwa da su. In zai haye wani dutsen murjani, numfashi kawai yake ɗan ja ya tashi, ya sauke ya dawo. Ni ina ta wutsil-wutsil ina tayar da yashi, na cinye iskata, tasa ko rabi ba ta yi ba. Ka riƙa duba agogonka, kada ka jira ya tambaye ka. In allurar ta sauko kan 50, ya kamata a ce kana hanyar fita. A Dahab ɗin akwai wani rami da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya haura mita 100, kuma a jikin dutsen bakinsa an manna allunan sunayen waɗanda suka shiga ba su fito ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hawa a hankali ake yi, kada ya wuce mita 18 a minti, gwanaye ma rabin haka suke yi. A mita 5 ka tsaya minti 3. Naitrojin, wani sashe na iskar da kake shaƙa wanda matsi ya sa ya narke a jininka, iska ce da ke bukatar lokacin fita ta huhu. In ka yi garaje sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar lemon kwalba da aka buɗe farat ɗaya.

Ko ka fito, da sauranta a jikinka. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya ka yi, awa 18 in ka yi da yawa. Dutse mai tsawo ma haka, don in aka yi sama matsi raguwa yake yi. Abokan tafiyata sun shirya hawa Ɗuri Sina a daren da na gama, mita 2,285, don su ga fitowar rana. Malam ya sa hannu a littafina, ya buga hatimi, ya ce in bar su su tafi, ni in je in sha ruwa da yawa in kwanta.