Yadda Ake Mayar da Wasan Yaƙin 'Yan Mutum-mutumi Zuwa Kwamfuta

Kafin ka buɗe Godot, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta dokokin wasan ɗaya bayan ɗaya. A kan tebur, 'yan wasa kan sasanta gardama da baki, kamar yadda ake yi a fadar 'yan dara a Birni. Kwamfuta ba ta san sulhu ba, abin da ba ka rubuta mata ba babu shi.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne hangen abokin gaba. A tebur mutum kan sunkuya ya leƙa ta bayan sojansa. A na'ura, ja layi uku, daga idon maharbi zuwa kai, ƙirji da ƙafar abokin gaba. Biyu suka wuce ba shinge, an gan shi. Layi ɗaya ba ya isa, ɗan reshen itace sai ya ɓoye ƙaton soja.

Ƙwayar jefawa mai fuska 6, ka nuna ta a allo. In sakamako kawai ka bayar, wanda ya sha kaye zai ce an yi masa maguɗi.

Ka ƙera sojojinka da Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, don na wasan yaƙin Warhammer mallakar kamfanin Games Workshop ne. Ka sa wasan ya riƙa ajiya bayan kowane zagaye, don wuta kan ɗauke a Damagaram, balle lokacin bazara.