Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen sayen babban hedifon na zaman hostel

Ɗakin hostel a jami'o'inmu ba wurin shiru ba ne. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu sai ka tarar da shida ko takwas, idan an haɗa da 'yan raɓe. Wannan yana waya da gida, wancan yana dafa indomi a risho, fanka tana kaɗawa, masu musun ƙwallo a baranda ba su gama ba. Duk ɗalibin da zai sayi babban hedifon, irin mai rufe kunne ruf, da wannan ɗakin ya kamata ya yi lissafi. Mai sharhin da ya kalla a YouTube shi kaɗai yake zaune a ɗakinsa, ƙofa a rufe, don haka abin da ya dace da shi ba lallai ya dace da mai gado a sama ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, masu bincike kafin saye ne ma suka fi faɗawa cikinsa. Mutum zai ga masana sauti suna ta yabon Sennheiser HD 600, wanda yake kasuwa tun 1997, ko Beyerdynamic DT 990, ko na kamfanin Grado, sai ya yi ta tari har ya saya. Yabon gaskiya ne, amma dukkansu masu buɗaɗɗen baya ne. Juya kofin kunnen ka duba bayansa, raga za ka gani, wani lokaci har kana hango lasifikar ciki. Da gangan aka bar shi haka don iska ta ratsa, sautin ya fito a sake. To ta ragar nan abin da kake ji yake fita, ta nan kuma hayaniyar ɗaki take shigowa. Ƙarfe biyu na dare kana bitar lakcar da ka naɗa, na ƙasanka yana jin muryar malamin tare da kai, kai kuma kana jin minsharinsa sarai. Abin da ɗan hostel yake buƙata shi ne mai rufaffen baya, wanda a jikin kwali ake rubuta masa closed-back. A wannan sahun akwai Sony MDR-7506 da gidajen rediyo suka daɗe suna aiki da shi tun 1991, da Audio-Technica ATH-M40x da ATH-M50x, da AKG K371, da Beyerdynamic DT 770. Kafin ka biya, ka ba abokinka ya sa a kansa, ka kunna daidai ƙarar da kake ji da ita, ka ja baya taku biyu. Idan kana gane abin da ake faɗa, abokan ɗakinka ma za su gane.

Rufaffen baya kansa ba ya aiki sai soson ya zagaye kunne ya manne da fata. Yawancin masu araha da ake kira manya, a kan kunne suke zama: suna danne shi, bayan awa ɗaya ya yi ja yana zafi, gefe kuma a buɗe. Ka tabbata kunnenka ya shige cikin ramin soson gaba ɗaya. Mai gilashi ya gwada da gilashinsa a fuska, domin ƙafar firam mai kauri tana ɗaga soson, sai bes, wato sauti mai kauri, ya zube, hayaniya ta samu ƙofa. Haka ɗalibar da za ta riƙa ɗora shi a kan hijabi ko ɗankwali: ƙyalle yana rage mannewar, kuma tudun kitso ko ɗauri yana hana sandar saman zama daidai. Ta gwada shi a yanayin da za ta riƙa sa shi kullum, ta duba ko sandar tana da sauran tsawon ja.

Sai maganar ANC, wato na'urar kashe hayaniya, da ake ɗauka tana mayar da ɗaki shiru tsit. Yadda take aiki shi ne ƙananan makirfo a jikin hedifon suna ɗaukar ƙarar waje, sai a samar da kishiyar sautin ta soke shi. Wannan yana cin nasara sosai a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: gurnanin janareto, fanka, injin mota a doguwar tafiya. Muryar mutum kuwa hawa da sauka take yi, ga dariya, ga bugun ƙofa, ga cokali a kwano. Ana rage su, amma ba sa ɓacewa. Idan damuwarka janareton bayan taga ce, kuɗin ANC bai tafi a banza ba. Idan surutun abokan ɗaki ne, soso mai kauri da ya manne da kyau shi ke yin mafi yawan aikin. A masu arha sosai kuma, sau da yawa ANC ɗin bai wuce wani siririn shuu da za ka riƙa ji a kunne ba. Wanda ya sayi mai kyau ya koyi maɓallin da ke buɗe masa sautin waje, don kada kiran salla ko sallamar baƙo ta wuce shi.

Dalilin da ya sa nake nanata maganar mannewa ba jin daɗin waƙa kaɗai ba ne. Duk lokacin da hayaniyar ɗaki ta shigo, yatsa da kansa yake zuwa ya ƙara murya, kuma kunne yana sabawa, abin da ya yi maka ƙarfi ɗazu yanzu ya zama daidai, sai ka sake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma iyakar da hukumar ta bayar ga baligi ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Da an kai desibel 90, abin da ya rage awa 4 ne kacal a mako, wanda ɗalibi zai cinye a zaman karatu ɗaya ranar jajiberin jarrabawa. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tofowa, kuma ba sa yin ciwo lokacin da suke mutuwa, shi ya sa ba a ankara. Alamar da za ka kula da ita: ka cire hedifon ka ji wani tsiiii a kunne, ko maganar mutane ta zama kamar daga cikin rijiya take fitowa. In hakan ta faru, ka wuce gona da iri. Ka tsayar da murya ƙasa da kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, ka riƙa cirewa kana ba kunne hutu, kuma ka shiga saitin waya ka kunna iyakar ƙara, yawancin wayoyin yanzu suna da ita. Idan tsiiii ɗin ya kwana ya wuni bai tafi ba, ka je asibitin makaranta a tura ka wurin likitan kunne. Kada ka kwanta barci da shi a kai yana ta yi har asuba.

Akwai lamba ɗaya a kwali da ta cancanci dubawa, ita ce ta ohm, wato ma'aunin yadda hedifon yake turje wa wutar da ke shigarsa. DT 770 ɗin nan kala uku ake yinsa: 32, 80 da 250. Sunan ɗaya, kamannin kusan ɗaya, amma na 250 an yi shi ne don kayan situdiyo. Ka jona shi a waya, za ka ƙure murya ya fito a raunane, sai an ƙara sayen amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Mai waya da laftof kawai ya tsaya tsakanin 16 da 80. Yawancin sauran lambobin ba su da wani amfani a gare ka. Kusan kowane kwali yana ɗauke da 20Hz zuwa 20kHz, iyakar jin ɗan Adam ke nan, bai ce komai game da kyan sauti ba. Faɗin lasifika na milimita 50 ma bai nuna ya fi na 40. Bes mai dukan kai kuma shi ke sayar da kaya a shago cikin minti ɗaya, amma shi ke binne muryar malami da ta mai karatun Alƙur'ani. Ka je da wayarka da wani sautin magana da ka sani sosai, da shi za ka yi gwaji.

Tsakanin mai igiya da Bluetooth, a tuna da wuta. Soket biyu ne a ɗaki, mutum shida suna layin cajin waya da fitila da laftof, ga ɗaukewar wuta. Batirin hedifon ma yana rauni da shekaru, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ban ce a guji mara igiya ba, yana da daɗi ga mai hawa da sauka daga gadon sama. Amma a zaɓi wanda yake da ramin igiya kuma yana yi ko batir ya mutu, a gwada hakan a shago da shi a kashe. Mai ajin Zoom ya sani cewa da zarar makirfon Bluetooth ya kama aiki, sautin yana komawa irin na kiran waya. A mai igiya kuma ka ƙirga zoben da ke bakin filogi: biyu na saurare ne kawai, uku shi ne mai ɗauke da makirfo. Idan wayarka ba ta da ramin 3.5mm, yadda aka fara yayi tun iPhone 7 a 2016, ka nemi mahaɗin USB-C mai na'urar sauya sauti a cikinsa, domin wasu masu arhar igiya ce zalla kuma ba kowace waya ke karɓarsu ba.

Abu biyu ne suke fara mutuwa a hedifon: igiya da soso. A hostel igiya tana maƙalewa a ƙarfen gado, ana taka ta, ana fizge ta, sai ka wayi gari kunne ɗaya ya yi shiru. Wanda igiyarsa ke cirewa, kamar M40x da K371, sabuwa za ka saya ka ci gaba. Ta MDR-7506 a manne take, sai an kai wa mai gyara. Soson fatar roba kuwa, a zafin Maris da Afrilu gumi yana cinye shi, ya fara ɓarewa yana bar maka baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Na ƙyalle mai laushi ya fi shan iska, sai dai bai kai na fata tare hayaniya ba, kuma yana kwasar ƙurar hunturu. Ka tambayi mai shago ko ana samun soson canji na wannan samfurin, ka riƙa goge naka da busasshen ƙyalle bayan amfani. Idan za ka ara wa wani, a goge kafin da bayan.

Jabu ya cika kasuwa, kuma sunayen da aka fi sani su aka fi kwaikwayo. Idan aka ce maka ga Sony ko JBL ko Beats sabo dal a kwali a kan rubu'in kuɗinsa, ka bar shi. Yawancin masu Bluetooth na waɗannan kamfanoni suna da manhajarsu, ka sauke ta a wayarka ka haɗa a gaban mai shago, jabu galibi ba ya bayyana a ciki. Ƙaramin kamfani na gaskiya mai garanti ya fi babban suna na ƙarya. Na hannu ma babu laifi idan mai igiya ne, tunda babu batirin da ya tsufa a ciki: ka saurari dama da hagu daban-daban, ka murɗa igiyar a gindinta ka ji ko sauti yana yankewa, ka duba mahaɗin da yake naɗewa ko ya tsage. Ka bar shi a kanka aƙalla minti 15 kafin ka ciro kuɗi, domin matsi a gefen kai da nauyi a tsakiyar kai ba sa nuna kansu a minti na farko. Ka karɓi rasit, ka kuma ji kwana nawa aka ba ka na dawo da kaya.

Wurin ajiya ma a yi tunaninsa tun a shago. Hedifon da aka bari a kan katifa, ko a zauna masa ko ya yi ƙafa. Mai naɗewa da ke shiga jakarsa ya fi sauƙin jefawa a loka a sa kwaɗo, ko a tafi da shi laburare a jakar baya. Mai tsadar da ko'ina aka gan shi an san kuɗinsa yana jawo ido a ɗakin da baƙi ke shige da fice, don haka ka rubuta lambar jikinsa ka ajiye, ka yi masa wata alama a cikin sandar kai inda kai kaɗai ka sani.