Yadda Ake Fara Bincike Ba Tare da Tsoron A Ce Maka A'a Ba

Ɗalibin ajin ƙarshe a jami'a sai ya yi mako uku da maudu'in firojet a aljihu, yana gewaye ofishin sufabaiza kamar kura ce a ciki. Alhali aikin ba ya soma tafiya sai an ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Da farko, kada ka je da maudu'i ɗaya tilo ka ɗora masa rai. Rubuta uku, kowanne da layi biyu: abin da kake son ganowa, da inda za ka samo bayanan. Kafin nan ka leƙa kundayen da ke ɗakin karatun sashenku, don sau da yawa dalilin ƙin bai wuce "an riga an yi wannan" ba.

Idan jan biro ya sauka, kada ka naɗe takarda ka fice. Tsaya ka ce, "Malam, ina matsalar take? Faɗi ya yi ko madogara ce babu?" Watakila tarihin rini a ƙasar Hausa ya fi ƙarfin zango ɗaya, amma marinar Ƙofar Mata a Kano ta shiga.

Sai fita neman bayanai. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ko Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, za ka, ko cikin unguwa. A unguwa kuwa, fara da mai unguwa. Shi zai haɗa ka da yaron da zai yi maka jagora. In matan aure za a tambaya, nemi mace ta shiga.

Dattijo zai iya kallon wayarka ya ce ba a ɗaukar muryarsa. Mayar da ita aljihu, ka ciro biro. Wani zai ce ka dawo bayan La'asar, ka dawo ka tarar ya tafi jana'iza. Ba kora ba ce, ka sake komawa. Wanda ya ƙi ƙememe, ka yi godiya, ka tambaye shi wa ya san zancen.

Abin da ya fi wuya a ganina shi ne ranar da bayanan suka ƙaryata hasashenka. Ka je da tunanin atamfar waje ce kaɗai ta durƙusar da sana'ar rini, marina suka ce tsadar baban rini ce da gudun da samari ke yi wa karofi. Rubuta yadda suka faɗa, da ranar hirar da wurin, ka kai wa malam a zama na gaba.