Idan 'yan sanda suka tare ka a hanya ko suka buga maka ƙofa, ga yadda za ka yi

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, watannin baya aka zo layinmu da asuba neman wani yaro da ake zargi da ƙwacen waya, ba a same shi ba sai aka ce babansa ya shiga mota. Dattijo ne mai ciwon suga, ya fito da buta a hannu zai yi alwala ko hula babu a kansa, mu kuma muna tsaitsaye ba wanda ya ce uffan, sai muryar matarsa daga zaure tana cewa dan Allah ku bari ya ɗauki maganinsa. Sai bayan la'asar muka samo shi. Wlh ba kuɗin da aka kashe ne ya fi ci min rai ba, daga baya ne wani lauya ɗan unguwarmu ya ce mana ai wannan kamun doka ta hana shi ƙarara, mu ne dai ba mu sani ba.

Toh mu fara da shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da marigayi Buhari ya sa wa hannu, sashe na 36, ta ce ba a kama wani a madadin wani. Haka dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa a sashe na 7, mu ma nan Kaduna muna da tamu irinta tun 2017. Ba a kama uba don ɗa ko mata don miji. Kuma ba a kama mutum kan bashi ko cinikin da ya lalace, wannan maganar kotu ce, sai dai in da zamba a ciki. 'Yan kasuwa ku riƙe wannan da kyau, don mu da kanmu muke kai juna caji ofis kan kuɗin atamfa ko na waya sannan mu dawo muna kukan zalunci.

Yanzu hanya. Ka taso daga Kawo ko Mando da dare, ko ka biyo bayfas za ka shiga Rigasa aka haska ka da tocila. Tsaya. Kunna fitilar cikin mota, sauke gilas, hannunka ya zama inda ake gani, kada ka yi saurin zura hannu aljihu ko ƙarƙashin kujera ba ka faɗi me za ka ɗauko ba. Mutumin nan da bindiga a hannunsa, watakila tun safe yake tsaye cikin rana, kuma garin nan ya sha fama da masu garkuwa da 'yan sara-suka, shi ma tsoron ransa yake ji. Ka gaishe shi, yallaɓai sannu da aiki, ba abin da zai rage ka da shi. Yana da ikon tsayar da kai ya caje ka in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin kana ɗauke da makami ko kayan sata ko wani abin da doka ta hana. Amma shi ma akwai sharaɗi a kansa, dole ya kasance cikin kaki ko katin shaidarsa na aiki a bayyane, ya faɗa maka sunansa da ofishin da ya fito da abin da yake nema. Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sandan kuma ya ce askinka ko irin kayan da ka sa ko shekarunka ba dalilin zargi ba ne, samari masu tara gashi ku ji da kyau. A bainar jama'a kayan sama kawai ake laluba, ba a tuɓe mutum a bakin titi, mace kuma mace ce za ta caje ta.

In za a buɗe but ka fito ka tsaya a wajen idonka na kan hannun mai binciken, in ku biyu ne ɗaya ya zauna cikin motar. Nan ne mutane suke sakaci, ana can ana gardamar lasin wani na can baya shi kaɗai da jakarka.

Maganar waya ita ta fi yawa a kwanakin nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganganunka na waya, kuma a Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin a rusa SARS, Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu ya fito ya hana binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a hanya. Don haka kana iya cewa yallaɓai ka yi haƙuri ba zan buɗe ba, in akwai zargi mu je ofis a rubuta. Sau ɗaya ko biyu, murya ƙasa. In ya fizge kada ka bi shi da kokawa, hana ɗan sanda aikinsa laifi ne mai zaman kansa, kana da gaskiya sai ka wayi gari kai ne a gaban majistare. Ka dubi sunan da ke ƙirjinsa, lambar mota, wurin da ƙarfe nawa ne, ka haddace. Kuma kada ka yarda a raka ka wajen mai POS ka ciro kuɗi, in har an fi ƙarfinka to gara taransifa, ko ba komai akwai suna da lambar asusu da za ka nuna gobe.

Gida kuwa ya fi nauyi. Binciken gida yana buƙatar takardar izini daga kotu mai sa hannun alƙali ko majistare, ka ce a nuna maka ka karanta, adireshinka ne ko na maƙwabci, me aka ce a nema. In ba ka iya Turanci ba kira wanda ya iya. Sai dai kada wani ya ruɗe ka cewa ba takarda ba shiga ko ta halin ƙaƙa, in suna bin wanda ake zargi suka kuma tabbata yana ciki suna da ikon shiga, ka hana su su ɓalle ƙofa doka na bayansu. Abin da da yawa ba mu sani ba, dokar 2015 ɗin nan ta san da kulle, ta ce in ɗakin macen da bisa al'ada ko addini ba ta fita cikin maza ne, sai an sanar da ita an ba ta dama ta kimtsa ta kauce kafin a shiga. Don haka in ka ce yallaɓai a ba iyali minti biyu su sa hijabi ba alfarma kake roƙo ba.

Tura yaro ya kira mai unguwa ko liman ko maƙwabci biyu masu mutunci su tsaya shaida. Ku bi su ɗaki ɗaki, kada a rabu gida uku ana bincike lokaci guda ba mai gani. Duk abin da za a ɗauka, waya ce, kuɗi ne, babur ne, takardun fili ne, a rubuta shi a takarda ɗaya bayan ɗaya a sa hannu a ba ka kwafi. Kuɗi a ƙirga a gaban shaidu a rubuta adadin, kada a rubuta "wasu kuɗi" kawai. Waya a rubuta samfurinta, babur a rubuta lambar inji. Wlh kayan da aka ɗauka ba rubutu dawowarsu sai an sha wuya, na ga wanda ya yi wata huɗu yana zarya kan janareto har ya gaji ya bari.

In kuma an ce an kama ka, tambaya ɗaya za ka yi, laifin me? Dole a faɗa maka, kuma tsarin mulki a sashe na 35 ya ce cikin awa 24 a ba ka dalilin a rubuce da yaren da kake ji. Ankwa ba dole ba ce sai in kana neman gudu ko faɗa. Kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya ko wanda ka amince da shi, kuma aikinsu ne su sanar da danginka ba tare da ka biya ko sisi ba. A kantar caji ofis ka tabbata an rubuta abin da aka karɓa daga aljihunka.

Sitatimen, wato bayaninka da ake rubutawa a caji ofis, shi ne ramin da ya fi cin mutane. Mutum ya gaji, sauro ya cinye shi, an ce sa hannu kawai ka tafi gida, sai ya dangwala a kan Turancin da bai san me ya ƙunsa ba, shekara biyu bayan nan takardar ce za a karanto masa a kotu. Kada ka sa hannu kan abin da ba a karanta maka da Hausa ba, doka ta ba ka tafinta, ta kuma yarda lauyanka ko jami'in hukumar ba da agajin lauya kyauta ko wani naka ya zauna a wajen. Duka ko rataya don ka amsa laifi kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya yi.

A cikin garin Kaduna kotuna ba su da nisa, don haka kwana ɗaya ne a kai ka gaban alƙali ko a ba da belinka, kwana biyu kuwa na inda babu kotu cikin kilomita 40 ne. Banda manyan laifuka masu hukuncin kisa irin su fashi da makami, waɗannan lissafinsu daban. Beli kyauta ne, na san za ku ce a bango kawai aka rubuta, eh haka ne sau da yawa, amma na lura in aka zo da lauya ko dattijon da ya nemi ganin DPO kai tsaye maganar takan canza. Mace ma tana iya tsaya wa mutum beli, kada a ce wa mahaifiyarka ta je ta nemo namiji.

Bayan an fito a ranar za ku zauna ku rubuta komai tun ba a manta ba, in akwai rauni a je asibiti a karɓi takarda a ɗauki hoto. Ana kai ƙorafi wajen kwamishinan 'yan sanda na jiha, ko sashen karɓar koke na rundunar da ake kira CRU, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ko lauya ya shigar da ƙara babbar kotu, don sashe na 35 ɗin nan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Mun faɗa wa dattijon layinmu haka, ya ce shi ya bar wa Allah, ba mu matsa masa ba. Amma 'yarsa ta karɓi lambar lauyan ta rubuta da gawayi a bangon zaure, daidai inda ake rataye makullin gida.