Da me za a gwada sefti bawul: iska, ruwa ko tururi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin tukunyar tururi da tankunan gas. Kafin ku ɗora sefti bawul, wato bawul ɗin da ke buɗewa da kansa ya saki matsi in ya yi yawa, a bencin gwaji, ku duba abin da yake tsarewa a wurin aikinsa. Na layin gas a gwada shi da busasshiyar iska ko naitirojin, na ruwa da mai kuma da ruwa. Bawul ɗin gas yakan buɗe ne farat ɗaya, na ruwa kuwa a hankali yake ɗagawa, don haka in aka sauya musu, matsin da agogon auna matsi zai nuna ba abin dogaro ba ne. Na tururi ya fi son tururi. In dole sai da iska, a gyara matsin buɗewa saboda bambancin zafi, yadda kamfanin da ya ƙera shi ya bayar.

Don Allah kada kowa ya kusanto da iskar oksijin, domin in ta haɗu da maiƙo gobara ce. Naitirojin ma ba ya wari, yana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki, sai a buɗe tagogi.

Gwajin yoyo a ƙa'idar API 527, ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, galibi a kashi 90 cikin 100 na matsin buɗewa ake yinsa. Bayan gwajin ruwa a busar da bawul ɗin sosai saboda tsatsa.