Kurakuran da aka fi yi wajen sauya firosesa, ƙure mata gudu da sanyaya ta da ruwa a Maradi

Masu haɗa bidiyon bukukuwa, masu ɗakunan naɗar sauti, masu zanen alluna da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke aiki da manyan manhajoji suna cikin waɗanda suka fi neman ƙara wa kwamfutar tebur ƙarfi a Maradi, kuma kusan hanya ɗaya suke bi: a sayo sabuwar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ɗaura mata na'urar sanyaya ta ruwa, sannan a shiga BIOS, wato manhajar saitin babban allon kwamfuta, a ƙure mata gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Hanyar ba ta da aibu. Asarar tana shigowa ne daga kwafo alƙaluman da aka gwada a ɗakuna masu sanyi na Turai da Amurka, a liƙa su ga na'urar da za ta yi aiki a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, wutar lantarki kuma ba ta rasa hawa da sauka.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a ƙirga kuɗi, wato sayen firosesa ba tare da an duba babban allon da za ta zauna a kansa ba, wanda masu gyara ke kira kart mer. Gurbin LGA1700 na Intel yana ɗaukar firosesocin zubi na 12, na 13 da na 14, amma Core Ultra 200S da suka fito a 2024 sai gurbin LGA1851. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne LGA1151, domin zubi na 6 da na 7 da kuma na 8 da na 9 duk suna shiga cikinsa lafiya lau, amma firosesa ta zubi na 8 ba za ta tashi a allon zubi na 6 ba. A ɓangaren AMD, gurbin AM4 yana aiki da RAM, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, nau'in DDR4, shi kuwa AM5 da ya fito a 2022 bai san komai ba sai DDR5, saboda haka mai sauya sheƙa zuwa AM5 ya sa kuɗin sabon allo da sabon RAM a lissafinsa. Maganin wannan duka mai sauƙi ne: a buɗe manhajar CPU-Z a karanta ainihin sunan allon, a shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, a nemi jerin firosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowace ke buƙata. Wanda zai aika a sayo masa daga Kano ko Yamai ya tura cikakkiyar lambar a rubuce, domin mayar da kayan da suka yi doguwar tafiya ko suka tsallako iyakar Dan Issa ba ƙaramin aiki ba ne.

Haruffan da ke ƙarshen lamba ma ba ado ba ne. A Intel, mai harafin K ce kaɗai ake iya ƙure wa gudu, kuma sai a kan allo mai harafin Z, irin su Z690 da Z790. Allon B760 yana barin a ƙara wa RAM gudu amma ba firosesa ba. Mai harafin F ba ta da sashen fitar da hoto a cikinta, don haka in babu katin hoto daban fuskar kwamfuta baƙa ƙirin za ta tsaya. Yawancin firosesocin Ryzen na AMD a buɗe suke, sai dai allunan A320, A520 da A620 ba su ba da damar ƙure gudu, kuma 5800X3D a kulle take. Tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo da suka cika shagunanmu kuwa, na'urori ne masu juriya, amma BIOS ɗinsu a rufe yake, akwatin wutarsu, wato wanda ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ƙarami ne, sau da yawa ma kan wayarsa na musamman ne. Sa musu firosesa mai K zubar da kuɗi ne kawai.

Akwai kuma sabunta BIOS, wanda allon B450 ke buƙata kafin ya karɓi Ryzen 5000. Aikin ƴan mintuna ne, amma in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa allon na iya mutuwa. Kada a fara sai kwamfutar tana kan ondular, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai lafiyayyen batir, kuma a yi shi tun tsohuwar firosesa tana kai, sai fa in allon yana da maɓallin BIOS Flashback, wanda ke ba da damar sabuntawa ba tare da ita ba. Masu Intel zubi na 13 da na 14 su ne ya fi zama wa dole su sabunta, domin a 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu daga cikinsu suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa a hankali, ya fitar da gyaran 0x129 da 0x12B da ke zuwa cikin sabon BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran yana hana lalacewar ci gaba, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, abin da ya kamata mai sayen ta hannu ya riƙe a ransa.

Babban kuskuren, wanda sauran ke ratayuwa a jikinsa, shi ne ɗaukar cewa ruwa yana ƙirƙirar sanyi. Ruwan ɗan dako ne kawai: yana ɗaukar zafi daga kan firosesa ya kai shi lagireto, fanka kuma ta hura shi cikin iskar ɗaki. Ba yadda za a yi ya fi iskar ɗakin sanyi. Idan mai gwaji a ɗaki mai digiri 22 ya nuna firosesa ta tsaya a digiri 80, to wannan na'urar, da wannan saitin, a shagon da aka rufa da kwano da ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu, inda ma'auni ke nuna 40, za ta doshi digiri 98. Iyakar Core i9-14900K digiri 100 ce, ta yawancin Ryzen 7000 kuwa 95, ta 7800X3D ma 89. Da zarar an kai nan firosesa da kanta za ta rage gudu don ta tsira, sai mai ita ya wayi gari yana biyan kuɗin wuta mai yawa a kan gudun da bai kai na asali ba. Shi ya sa saitin da aka yi a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hunturu ya sanyaya gari, yakan yi aiki sumul har a yi ta yabon mai gyara, sannan bazara na kamawa kwamfuta ta fara mutuwa ana tsakiyar fitar da bidiyo. Wanda ba shi da kilim a ɗakin aikinsa ya yi gwajinsa a lokacin da ya fi zafi cikin yini, in kuwa dole ne a yi a lokacin sanyi, ya ƙara digiri 15 a kan abin da ya gani kafin ya yanke hukunci.

Daga nan ne girman lagireto yake da muhimmanci. Mai milimita 120 da fanka ɗaya bai fi kyakkyawar na'urar sanyaya ta iska ba, sau da yawa ma bai kai ta ba, ga shi ya ƙara famfon tura ruwa da zai iya tsayawa. Ga firosesa matsakaiciya mai milimita 240 ko 280 ya wadatar, amma irin su 14900K da ke jan wat 253 ko da ba a taɓa ta ba, mai milimita 360 ma da ƙyar yake riƙe ta a yanayinmu. A ganina, wanda firosesarsa ba ta wuce wat 100 ba ya sayi babbar na'urar iska ya huta, domin ba ta yoyo, kuma abin da kawai zai iya mutuwa a jikinta fanka ce. A kuma auna cikin akwatin kwamfutar da awo kafin a saya.

Wajen ɗaurawa, abin da ya fi ba da haushi shi ne ɗan siririn ledar da ke manne a ƙasan farantin tagulla, wanda ke zama a kan firosesa. Mutum zai kawo kwamfuta yana cewa: "Malam, ko mako ba a yi da ɗaura ta ba, amma ina kunnawa sai digiri 95." Ana kwance sukurori huɗu a ɗaga kan famfon, sai ga ledar nan tana nan daram, man ɗaukar zafi da aka shafa wa firosesa ya baje a kanta, rubutun gargaɗin da ke jikinta ma ana iya karanta shi ta cikin man. A ɓare ta, a goge tsohon man da alkol, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurorin a giciye, kaɗan-kaɗan, har su zauna daidai. Mai cire na'urar sanyaya daga AM4 kuma ya bar kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, ya murɗa a hankali kafin ya ja, in ba haka ba firosesa za ta biyo ta ta fito ƙafafunta su lanƙwashe.

Matsayin famfo shi ma ana yawan kuskurensa. A cikin kowace rufaffiyar na'urar ruwa akwai ɗan iska, kuma iska sama take nema. Idan aka sa lagireto a ƙasan akwati, famfo ya zama shi ne mafi tsayi, iskar za ta taru a cikinsa, a riƙa jin ƙarar ɓulɓula, ruwa ya rage zagayawa, famfon ya gaji da wuri. Lagireto ya hau saman akwati, ko kuma a gaba ta yadda ƙololuwarsa ta ɗara famfon, bakin tiyo kuma ya fi kyau ya kasance a ƙasa. Wayar famfo ta shiga gurbin AIO_PUMP ko wanda littafin ya nuna, a bar shi a gudu tsayayye. Sannan a tuna cewa cire na'urar iska ya raba sassan daidaita wuta da ke kewaye da gurbin firosesa, wato VRM, da iskar da suke samu a da. A allo mai arha su ne kan fara yin zafi su rage gudu alhali ita firosesa tana cikin sanyi, don haka a sa fankar da za ta riƙa hura su.

Ƙura kuwa, duk wanda ya buɗe kwamfuta a ƙarshen Fabrairu ya san yadda take. Tsakanin fanka da lagireto za a tarar da jan ƙura haɗe da zaren tufafi sun yi kauri har ana iya ɓare su da yatsa a dunƙule, siraran haƙoran lagireton sun toshe. A lokacin hunturu a hure shi da busasshiyar iska akalla sau ɗaya a wata, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, a kuma ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan tebur. Rufaffiyar na'ura ba a buɗe ta don ƙara ruwa, sai dai ruwanta yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, zafi kuma yana hanzarta hakan, shi ya sa sayen ta hannu ke da haɗari. Mai haɗa tasa da kansa kada ya kuskura ya zuba ruwan famfo ko na leda, sai tataccen ruwan da aka turara tare da maganin hana tsatsa da gansakuka, kuma kada ya haɗa tagulla da alminiyom a zagaye ɗaya, domin alminiyom ɗin zai riƙa cinyewa.

A wajen ƙure gudun kansa, kuskuren shi ne gaggawar ƙara bolt, wato ƙarfin wutar da ake ba firosesa. Zafin da firosesa ke fitarwa yana tafiya daidai da gudunta, amma game da bolt ninkin-ba-ninki yake hawa. Wanda ya ɗaga gudu daga gigahaz 5.0 zuwa 5.2, ya kuma ɗaga bolt daga 1.25 zuwa 1.35, ya samu ƙarin gudu kashi 4 cikin ɗari a kan ƙarin zafi sama da kashi 20. Barin bolt a kan Auto ma ba tsira ba ne, domin alluna da yawa suna zuba fiye da buƙata. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda bolt ɗin wani sashe nasu da ake kira SoC ya yi yawa, har AMD ta ƙayyade shi a 1.3 ta hanyar sabon BIOS. Firosesocin yanzu sun riga sun iya ƙara wa kansu gudu muddin suna da sanyi, saboda haka a garinmu rage bolt ya fi ƙara shi riba. A Ryzen a shiga BIOS a kunna PBO, wato saitin da ke barin firosesa ta ƙara wa kanta gudu, a sa Curve Optimizer, saitin daidaita bolt, a ɓangaren ragi, a fara daga 10 a riƙa gwadawa. A Intel a ƙayyade iyakar wat a rage bolt kaɗan-kaɗan. Kunna saitin XMP ko EXPO a BIOS don RAM ya yi gudun da aka saye shi da shi ma yakan kawo ribar da ake gani, kuma mutane da yawa suna mantawa da shi. A canza abu ɗaya a kowane mataki, a rubuta shi a takarda.

Gwajin minti biyar ba gwaji ba ne ga na'urar ruwa, domin ruwan yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama ya tsaya a matsayi ɗaya. A saki manhajar gwaji ta Cinebench ta yi ta maimaitawa na akalla rabin awa ana kallon zafi da gudu a manhajar HWiNFO, a bi da manhajar gwaji ta OCCT ko Prime95 na ƴan awoyi, a gwada RAM da MemTest86, sannan a fitar da dogon bidiyo irin wanda ake yi wa masu biki, domin shi ne aikin da za a ci abinci da shi.

Akwatin wuta ma kada a yi masa rowa. Wat ɗin da aka rubuta a jikin marar suna ba abin dogaro ba ne, kuma ƙure gudu yana ƙara masa nauyi. Ondular mai VA 650 abin da yake bayarwa yawanci bai wuce wat 400 ba, ba zai riƙe babbar firosesa da katin hoto suna cikin aiki ba. A nemi babba, mai fitar da wuta mai santsi, a sa regilatar a gabansa in wutar unguwa ko ta janareto tana yawan rawa.

Idan bayan sauya saiti kwamfuta ta ƙi tashi, fankoki na juyawa amma babu hoto, ba lalle ne wani abu ya ƙone ba. A zare wayar wuta, a danna maɓallin Clear CMOS in allon yana da shi, ko a cire ɗan zagayayyen batirin CR2032 na ƴan mintuna a mayar, BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani. Daga nan a koma matakin ƙarshe da ya ci gwaji a takardar da aka rubuta. Yawancin alluna suna barin a adana saiti fiye da ɗaya, saboda haka a ajiye guda na hunturu da damina, a ajiye wani mai ƙarancin bolt da iyakar wat, wanda za a koma kansa daga watan Maris har ruwa ya sauka.